Hoton Ƙashin Surukina

Na Allah ne mu, kuma wurinSa ake komawa ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata da hantsi aka zo kan surukina, mahaifin maiɗakina, wanda ma'aikatan Bompai suka sani da Baba mai wankin hoto. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

Kwana uku muka yi a kan tabarma a ƙofar gidansa da ke Hotoro. Ban taɓa zaton mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗakin duhu zai tara jama'a haka ba. 'Yan masaƙa sun zo, 'yan kamfanin alewa sun zo, 'yan kamfanin roba daga Sharaɗa, har majema daga Challawa, waɗanda warin fata yake riga su yin sallama. Kowa ya jingine kekensa a bango, ya tsuguna a shafa fatiha, sai ya fara nuna mana wata gaɓa a jikinsa. Wannan ya ɗaga gwiwar hannu, wancan ya janye ƙafar wando. "Shi ya wanke hoton nan." Wani tsohon mai gadi, mutumin Damagaram, ya zo da ambulan da ta yi laushi don tsufa, da hoton ƙirjinsa a ciki, wai yana so iyalan mamaci su gani. Aka dai karɓa aka duba, aka yi masa godiya.

Maɗorin unguwar, wanda suka shekara talatin suna faɗa da Baba, bai zauna a cikinmu ba. Can gefe ya ja buzunsa, ya ba mu baya. Duk wanda ya je yi masa gaisuwa abu ɗaya yake ce masa: "Ya cuce ni, wallahi ya cuce ni. Yanzu da wa zan yi?"

A cikin gida kuwa Inna, surukata, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Maiɗakina ta ce mini abu ɗaya take maimaitawa, wai ya huta, ya samu barci.

A rana ta biyu ne ƙanin Baba ya nuna ni ga masu gaisuwa. Ya ce, "Kun ga wannan? Shekara goma sha uku yana auren 'yarmu, bai taɓa ɗaga ido ya dubi marigayi ba. Bai taɓa ce masa a'a ba, ko sau ɗaya." Aka yi ta cewa Allah ya yi albarka, irinsu sun yi ƙaranci. Ni kuwa na sunkuyar da kai, suka ɗauka kunyar ce dai. Haushi ne ya cika ni, haushin kaina. Shekara biyu kafin Baba ya rasu na ga abin da yake cin ƙashin cinyarsa da idona, na gane shi, ya tambaye ni, na ce masa lafiya ƙalau. Na san ajali ba ya wuce ranarsa, ba sai an tuna mini ba. Amma wannan magana ta zauna mini a ƙirji, kuma ba zan iya rubuta komai a kan bawan Allahn nan in tsallake ta ba.

Bari in fara daga inda na san shi.

Bayan farin nan da ya ƙarar da dabbobi na baro ƙauyenmu a ƙasar Gumel, na samu aiki a wata masaƙa a Bompai. Inji huɗu aka ba ni. Aikin kuwa duk na yatsa ne: zare ya tsinke, ka ƙulla kafin helma, shugaban ma'aikata, ya juyo. Wata rana murfin akwatin kayan aiki ya faɗo mini a kan yatsan nuni na hannun dama. Murfin da ko ƙwai ba lalle ya fasa ba. Sai na ji ƙas, yatsa ya karye.

Aka tura ni asibitin ma'aikata da wasu kamfanoni suka haɗa kai suka buɗe. Aka ɗauki hoto. Ina zaune a benci sai ga wani siririn mutum cikin kaki ya fito daga wata ƙofa yana ƙifta ido, riƙe da hoton yana ɗigar ruwa. Yatsunsa duk sun rine sun yi ruwan ƙasa, har farce. Ya maƙala hoton a jikin akwatin haske ya koma gefe.

Likitan sabo ne, matashi, bai fi wata biyu da zuwa ba. Ya duba ya sake dubawa. Ni ma na leƙa. Sauran ƙasusuwan hannuna fari tas, amma a gindin wannan yatsa akwai wani baƙin rami a cikin ƙashin, ƙashin ya kumbura ya zagaye shi. Likita ya ce ba karaya ce kawai ba, akwai ƙari a ciki, kuma yana tsoron ciwon daji ne. Ya ce in dawo ranar Alhamis a shirya cire yatsan tun daga tushe, kafin abin ya hau hannu.

Kai! Na fito ban san inda nake jefa ƙafa ba. Mai ƙulla zare ba yatsan nuni, ai ƙauye zai koma, kuma ƙauyen babu komai a cikinsa. Ina bakin ƙofa sai mai kakin nan ya biyo ni da katina. Ya miƙo mini, ya yi ƙasa da murya.

"Samari, kafin murfin nan ya faɗo, yatsan yana yi maka ciwo?"

Na ce, "A'a, Baba. Ya ɗan fi 'yan uwansa kauri dai, tun ina gida. Amma bai taɓa damuna ba."

"Ko kana kwance?"

"Ko ina kwance."

Ya ce, "To." Ya juya ya shige ɗakinsa. Na ce a raina wannan wane irin mutum ne, ya tambayi mutum ya bar shi a tsaye.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, Baba ba shi da takardar komai. Aikinsa ya tsoma hoto a ruwan magani, ya ɗauraye, ya shanya. Doka ba ta ba shi ikon buɗe baki a kan abin da ke cikin hoto ba, kuma shi ma bai taɓa musa wa likita da baki ba. Yana da tasa hanyar. Ranar Alhamis da na shiga, na tarar da hotuna huɗu a jikin akwatin haske, nawa da wasu uku, duk na hannu, duk da irin ramin nan. Baba yana gefe da tsumma yana goge gilashin da ba shi da datti.

Likita ya shigo ya tsaya. "Waɗannan fa?"

"Ranka ya daɗe, tsofaffi ne. Ina gyaran ɗaki ne na manta su a nan. Wannan na wani direba ne, yana nan yana tuƙi da yatsansa. Wannan tela ne a Fagge. Bari in kwashe."

Likita ya ce, "Bar su."

Ya daɗe yana duba su. Allah ya saka wa likitan nan da alheri, bai ɗauki abin da zafi ba. Ya zauna ya rubuta takarda zuwa ga babban likitan ƙashi. Can aka ce ƙari ne na guringuntsi, irin wanda yake zaune a cikin ƙashi ba ya yaɗuwa. Aka ɗaure yatsan har karayar ta haɗe, sannan aka buɗe aka kankare ramin, aka cike shi da ɗan ƙashin da aka gutsuro daga ƙuguna. Da wannan yatsa nake riƙe da alƙalamin nan.

Na kai masa goro na godiya a Hotoro. Na sake komawa ba goro. Yana kirana Mai Yatsa, yana tsokanata wai Bagumale ko ƙashinsa ma rami ne. Muna zama a zaure mu ci gyaɗa, in yi ta zuba kamar rediyo. A nan na ga 'yarsa ta fari tana dawowa daga Islamiyya, ita ma ta gan ni, sauran zance kuma ba na ta'aziyya ba ne.

Ranar da aka ɗaura aure, ranar hira ta mutu. Haka aka tarbiyyantar da ni, haka na ga ubana yana yi wa nasa surukin. Tun daga bakin layi nake sauka daga keke. Takalmi a waje, gaisuwa a tsugune, ido a ƙasa. Ba na cin abinci a gabansa, ko ruwa ba na sha. Shi ma ya daina ce mini Mai Yatsa, na koma Malam. Wata rana na ji shi daga soro yana ce wa Inna, "Na yi asarar abokin hira, na samu suruki." Dariya ya yi, amma ni na san ba dariya ba ce duka.

Shi ya samo mana mafita. Yana da wata akwatin ƙarfe cike da tsofaffin hotunan da asibiti ya zubar, shi ya tsince ya adana. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya sa a fito da ita zaure. Ya zauna a bakin ƙofa, ni ina bayansa kaɗan, ya ɗaga hoto sama ya saita shi da hasken rana. Shi yana kallon hoto, ni ina kallon hoto, babu wanda ya kalli wani. A haka muke magana har la'asar. Shekara goma muna wannan, har na zama ɗalibinsa ban sani ba.

A kan irin ƙarin da ya kama ni ya fi tsayawa, don yana alfahari da shi. "Duba nan, Malam. Guringuntsi ba ya tare hasken inji, shi ya sa wurin yake fita baƙi. To fara da bakinsa. Ka ga iyakarsa a fili take, kamar an zana da fensir? Kana iya cewa nan ƙari ya tsaya, nan ƙashi ya fara. Sai ka duba bangon ƙashin. A yatsa yakan tura bangon ya yi siriri kamar ɓawon ƙwai, amma bi shi da ido, ba inda ya ɓalle. Sai cikinsa. Ka ga waɗannan fararen ɗige-ɗige, wasu zobe, wasu rabin zobe, kamar an watsa gugguru? Alli ne ya taru a guringuntsin. In ka ga haka, tsohon zama ne, ba ya neman kowa da faɗa."

Sannan ya ciro wani daga can ƙasan akwatin, muryarsa ta canza. "Wannan ɗan uwansa ne, amma mugu. Ya fi son manyan ƙasusuwa, cinya, kafaɗa, ƙugu, kuma ya fi son masu shekaru. Nemi bakinsa, ba ka samu, ya narke cikin ƙashi. Bangon kuwa an ƙwaƙule shi daga ciki, loko-loko. Ga inda ya huda ya fito, ka ga inuwarsa a cikin nama. Kuma kafin ka ɗaga hoto, tambayi mai shi. In ya ce yana ciwo ba tare da ya buge ba, yana hana shi barci, to kada ka tsaya sha'awar gugguru."

Na ce, "Mai wannan hoton fa, Baba?"

Ya ce, "Allah ya ji ƙansa." Ya mayar da shi ƙasa.

Mutum ne mai abubuwan kansa. Ba ya duba agogo a ɗakin duhu. Ƙulhuwallahu yake karantawa, ya san ƙafa nawa hoto yake bukata a cikin ruwan magani, da zafi ya rage, da sanyi ya ƙara. An taɓa kawo masa agogo mai ƙararrawa, ya sa shi a aljihun tebur ya ce yana firgita shi. Da cokali yake cin tuwo saboda maganin da ya rine masa hannu, abokansa suna ce masa Bature. In ya fito rana sai ya yi ta ƙifce-ƙifce kamar an tashe shi daga barci. Kuma ba ya iya ganin mutum yana tafiya ya ƙyale shi. Muna zaune wani zai wuce, sai ya ce, "Wancan ya taɓa karyewa a ƙauri, kuma ba a asibiti aka ɗora ba."

Wannan ce ta haɗa shi da maɗori. Wani majemi daga Challawa ya karye a hannu, maɗori ya ɗora, hannu ya warke a karkace. Mutumin ya je aka ɗauki hoto. Maimakon Baba ya yi shiru, sai ya zo da hoton majalisar ƙofar masallaci, ya ɗaga shi sama a gaban kowa, ya ce, "Jama'a, ku zo ku ga aikin gado." Maɗori ya ce hoton ne ya karkace, ba hannun ba. Baba ya ce to a kira mai hannun. Tabɗi! Azumin shekarar nan gaba ɗaya ba su yi wa juna magana ba. Amma kullum da yamma kunun gidan Baba yana shiga gidan maɗori, ƙosan gidan maɗori yana shigowa gidan Baba, ba wanda ya ce a daina. Ranar salla Baba ya je har gida ya ce shi ya yi laifi, bai kamata ya tozarta shi a bainar jama'a ba. Ya ƙara da cewa amma hannun a karkace yake. Daga nan in maɗori ya taɓa karaya ya ji ba ta yi masa ba, sai ya ce wa mai ita, "Je ka wurin mutumin nan na Bompai, kada ka ce ni na aiko ka."

Shi ma Baba yana da nasa hoton a akwatin. Ya taɓa faɗuwa a keke wajen tsallaka titin jirgi, aka ɗauki ƙugunsa. Ba karaya, amma a saman ƙashin cinyar hagu aka ga ɗan tabo kamar ƙwallon dabino, da fararen ɗigoginsa, bakinsa tsaf. Yakan ɗaga shi ya ce, "Ka gani, Malam, ni ma ina da irin naka. Mu dangi ne tun kafin aure."

Da kamfanoni suka fara rage ma'aikata, asibitin ya rufe ɗakin hoto, aka sallami Baba. Bai yi ƙorafi ba. Bayan kamar shekara na lura yana jan ƙafar hagu. Sai ya fara salla yana miƙe ta gefe. In an tambaye shi ya ce sanyi ne. Maiɗakina ta dawo daga gida wata rana ta ce Inna ta ce Baba ba ya barci, sai dai ya zauna ya jingina da bango yana murza cinya.

Wata Juma'a, bayan mun duba hotuna biyu uku, sai ya zaro wata sabuwar ambulan daga ƙarƙashin buzu. Ya ce wani tsohon abokin aikinsa ne ya ɗauka masa a wani asibiti a cikin gari. Ya ɗaga sabon a hannun dama, tsohon a hannun hagu.

Wayyo Allah. Ƙwallon dabinon nan ya zama abu mai tsawon tafin hannu. Na nemi bakinsa ta ƙasa, babu. Bangon ƙashin an cinye shi daga ciki, loko uku na ƙirga, ɗaya saura ƙiris ya huda. Ɗige-ɗigen suna nan a sama, amma ta ƙasa sun goge, wurin ya yi baƙi wuluk. Duk abin da ya koya mini shekara goma, ga shi a gabana, ba abin da ya rage.

Ya ce, "Ka gani, Malam? Irin naka ne. Ga guggurunsa nan. Girma kawai ya ɗan yi. Ko ba haka ba?"

Cinyar surukina ce. Wurin da ko sunansa ba zan iya kamawa a gabansa ba. Kuma shi ne malamin, ni ɗan masaƙa. In ce masa me? Ku kun yi kuskure? Na dubi tabarma.

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ce, "Madalla." Ya mayar da su cikin ambulan, ya tambaye ni labarin aiki.

Kada a ce ban yi komai ba, na yi irin abin da ragon mutum yake yi. A daren ban ci abinci ba, da safe na ce wa maiɗakina, "Ki je ki gaya wa Inna ta gaya wa Baba lalle ya je wurin babban likitan ƙashi, abin nan ba na wasa ba ne." Ita kuma 'yar fari ce, tsakaninta da iyayenta akwai tata kunyar. Ta je ta ce wa Inna wai na ce ko Baba zai ɗan leƙa asibiti. Inna ta ce wa Baba, Malam yana yi muku sannu da ƙafa. Juma'ar da ta biyo ya ce mini, "An gaya mini saƙonka, na gode, da sauƙi." Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Na koma gida ina gaya wa kaina ai na isar.

Sau ɗaya na yi niyyar yi masa irin abin da ya yi wa likita. Na sa hannu can ƙasan akwatin, na lalubo hoton mutumin nan da ya ce Allah ya ji ƙansa, da nufin in ajiye shi kusa da nasa in yi shiru. Har na fito da rabinsa. Sai na ga kamar ina yi wa surukina fatan mutuwa ne a cikin zaurensa. Na tura shi na rufe akwatin. Daga baya ma muka daina fito da ita, don zaman tabarma ya fara gagararsa.

Shekara biyu muka yi a haka. Ina zuwa, ina tsugunawa, ina cewa ya jiki, yana cewa da sauƙi. Yana ramewa ina gani.

Ranar da abin ya faru, a masallaci ne, sallar azahar. Ya yunƙura zai tashi daga sujada, mutanen sahu suka ji ƙarar karyewar ƙashin cinyarsa. Maɗori yana kusa da shi. Ya taɓa wurin sau ɗaya ya janye hannu, ya ce a nemo mota, wannan ba tasa ba ce.

A asibiti babban likita ya kira ni ofis, don ni ne namijin da ke tsaye a kansa. Ya maƙala hoton cinyar, ƙashi ya rabu biyu a daidai ramin, ƙarin ya fito ya cika nama. Sannan ya maƙala na ƙirji. Fararen dunƙule-dunƙule ne a huhu, dama da hagu. Ya ce ciwon daji ne na guringuntsi, irin wanda ba ya sauri, kuma maganinsa wuƙa ce tun yana wuri ɗaya. Ya ce da an zo da wuri, da an cire, ko da ƙafar za ta tafi. Yanzu sai dai a rage masa raɗaɗi.

Ya dube ni ya ce, "Mutumin da ya yi aikin hoto shekara da shekaru, babu wanda ya ga wannan a gidanku?"

Na ce, "Allah ne ya ƙaddara." Na ji kunyar Allah da na faɗa.

Muka dawo da shi Hotoro, shi ya nemi haka. Kwana huɗu kafin ya cika na je bayan la'asar, na tarar Inna ta fita ɗebo ruwan zafi, ɗakin ba kowa sai shi. An jingina shi da filo. Na tsuguna a bakin ƙofa kamar kullum. Sai na ga in na bari ya tafi a haka, ni da kwanciyar hankali har abada. Na tashi na shiga har gaban gadon. Ban taɓa yi ba.

Na ce, "Baba, ina neman gafararku. Ranar da kuka nuna mini hoton nan, na gane. Na ga bangon, na ga bakin. Na ce muku haka ne, alhali na san ba haka ba ne."

Numfashinsa yana fita da ƙyar.

Ya ce, "Zauna, Mai Yatsa."

Na zauna a bakin gadon surukina.

"Kana zaton ni ban gani ba? Shekara talatin ina wanke na mutane, nawa ne zai ɓace mini? Tun a jiƙe na gane shi." Ya huta. "Tsoro ne ya kama ni. Na ga yadda ake dawo da masu irin ciwon nan, ƙafa ɗaya, ana ɗauke su kamar kaya. Na kasa kai kaina. Sai na ce bari in nuna wa yaron nan, duk Kano shi kaɗai zai gane kuma ba likita ba ne. Na yi wa Allah alkawari, in ya ce mini a'a, gobe da safe zan tafi asibiti, a yanke abin da za a yanke."

Na kasa ɗaga kai.

"Ka ce haka ne. Wallahi daɗi na ji. Na kwana ina sa maka albarka."

Kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Ya ɗora hannunsa a kaina, hannun nan mai ruwan ƙasa, ba nauyi ko kaɗan.

Ya ce, "Na yafe maka duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini. Na san irin tarbiyyarka, na san ba za ka iya ba. Ina jin shi ya sa na zaɓe ka."

Inna ta shigo da buta ta same ni zaune a kan gado, ta yi turus, ta koma da baya. Ni da shi ba mu sake magana a kan wannan ba, kuma bai ƙara samun ƙarfin doguwar magana da kowa ba.

Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe, don bai taɓa faɗin abin da ba ya nufi ba sai a kan ƙafar nan. Amma ni har yau in na tuna, kalma ɗaya ce, a'a, yaro ɗan shekara biyu ma ya iya ta. Shi ya tsaya mini a gaban likita lokacin bai ma san ni ba. Ni na kasa tsaya masa a gaban kansa.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo, Ka fi mu sanin alherinsa, Ka fi mu sanin tsoronsa. Ka yafe masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka ba Inna da 'ya'yansa haƙuri. Ni kuma Ka yafe mini shirun da na yi.